Mai Sakata da Mai Ɗana Kanta

Bindiga biyu na sani a rayuwata, kuma ban taɓa harba ko ɗaya ba. Ta Baba ita ce tsohuwar. A gefenta akwai wani ƙarfe mai dunƙulen kai, sai ka ɗaga shi ka ja baya, kwanson da ya ƙone ya faɗo, ka tura gaba ka kwantar, sannan ta yarda ta sake tashi. Umma ce ta raɗa mata suna mai sakata, wai ƙararsu ɗaya da sakatar ƙofarmu. Ta Kawu, ƙanin Umma, sabuwa ce fil. Ita ke tofar da kwansonta ta ɗauki wani harsashin da kanta, naka dai ka danna kunama. Muna ce mata mai ɗana kanta.

A Balad, tsohuwar unguwar Jidda, muke zaune lokacin, ina sakandare. Baba yana aikin sito a tashar jiragen ruwa, kuma duk mako in ka ji bakinsa to sallama ce ko salati. Amma ranar Alhamis da la'asar, da Kawu ya danna hon ɗin a-kori-kurarsa a bakin lungu, sai ka ga wani mutum daban yana saukowa daga bene da saurin saurayi. Su nufi duwatsun bayan Usfan, nesa da iyakar Harami inda ba a farauta, su dawo kafin sallar Juma'a da barewa, ko zomaye in rana ta ɓaci. Wannan Baban na Juma'a shi nake jira duk mako. Shi ke dariya da abinci a baki, shi ke tsokanar Umma, shi ke kirana Uwata, don sunan mahaifiyarsa na ci.

Bayan an ci an sha sai su hau saman soro goge bindigogi, ni kuma in kai shayi in ƙi saukowa. Iskar tekun Jidda ba ta barin ƙarfe, kwana kaɗan tsatsa ta hau, don haka man keken ɗinkin Umma ba ya daɗewa a gidanmu. A nan musun yake tashi, kullum shi ne dai. Baba ya ce bindigar Kawu amarya ce, rairayi kaɗan ya shiga cikinta ta cije, harsashi ma sai wanda ta zaɓa, ga kayan ciki kamar na agogo. Tasa kuwa ko a rami ka binne ta, ka tono ka busa mata iska za ta tashi. Kawu ya ce duk ya ji, amma kafin Yaya ya gama buɗe ƙofa da rufewa barewa ta kai Madina, kuma kafaɗar Yaya ta san irin harbin jakin da tsohuwar ke yi mata. Dukansu gaskiya suke faɗi, shi ya sa musun ba ya ƙarewa.

Inda ya fi zafi shi ne maganar bisimilla. Baba ba ya sakin harsashi sai ya ambaci sunan Allah a kansa, kuma jan sakatar nan shi ne lokacin da yake yi. Sai ya tambayi Kawu, cikin ruwan harsashin da yake zubawa, wanne ne aka yi wa bisimilla, wanne ne kuma ya kashe.

Kawu ya ce, "Yaya, kai in ka zauna gaban tuwo, kowace loma kake wa bisimilla?"

"Tuwo ba ya gudu, ba ya kuma kuka," in ji Baba. "Zuba min shayi, Uwata, kawunki ya fara fatawa."

Shekarar da zan gama makaranta yanar ido ta fara rufe masa idon dama. Bai faɗa wa kowa ba. Ni na lura yana tsiyaya shayi a gefen kofi, sannan Juma'a ta riƙa zuwa yana dawowa hannu rabbana, sai abin da Kawu ya harbo. Barewar ma ta yi wuya a lokacin, masu motoci sun kore ta can ciki, wadda ta rage ba ta tsayawa a yi mata harbi biyu. Tabarau bai yi komai ba. Wata rana na ji yana ce wa Umma da alama zuwansa daji ya zo ƙarshe, ba zai riƙa bin mota kamar kayan lodi ba.

Ni ba ni da haƙuri, kowa ya sani. Na same shi a soro na ce masa ya karɓi ta Kawu. Na ce in na farko ya kuskure ai na biyu na nan a bayansa ba sai ya ɗauke ido ba, kuma Kawu ya sha yi masa tayi. Na ce ƙarfe ne fa, Baba, ba surukarka ba ce da za ka ji kunyarta. Umma daga ƙasa ta ce in iya bakina. Shi kuwa ya daɗe yana kallona da idon mai kyau.

"Kina so in tafi ne, ko nama kike so?"

"Ina so ka tafi."

"Halas, shi ke nan," ya ce. "Gaya wa kawunki."

Alhamis ɗin nan mai sakata ta kwana a saman kabad. Washegari aka kira sallar Juma'a ba su dawo ba, aka sauko ba su dawo ba. Sai wajen la'asar motar ta tsaya, da barewa a baya. Baba ya wuce mu ya shiga wanka. Kawu ne ya ba mu labari a tsakar gida, murya ƙasa-ƙasa, ba irin tasa ba. Bindigar ba ta cije ba, ta yi duk abin da aka ce tana yi. Harsashin farko ya sami cinya, Baba ya ci gaba da dannawa, wani ya shiga ciki, wani ya tsaga kunne, amma barewar ta gudu da ƙafa uku ta hau dutse inda mota ba ta zuwa. Suka bi jini a ƙasa har rana ta take, suka same ta kwance a gindin wata ƙaya tana numfashi, Baba ya yanka ta.

Umma ta juya fatar ta ga ba za ta yi buzu ba, ta ba almakashi aiki ta yar da rabi. Ta dafa naman da shinkafa, ta ce wa Baba tunda da ranta aka yanka ai babu wata shubuha.

"Na sani halal ce," ya ce. "Ku ci."

Ya ci shinkafa da miya. Ni na ci naman, don haushi, har na ƙara.

Har yau ban yarda na ba shi muguwar shawara ba. Barewa ɗaya ta sha wahala, ni kuwa uba nake nema wa hanya. Amma shi ba haka yake lissafi ba, kuma ban iya canza shi ba.

Alhamis ta zagayo, hon ya tashi a bakin lungu. Baba yana zaune kan tabarma da carbi. Ya ce in leƙa in ce wa Kawu ya yi gaba. Na ce ba zan faɗa ba, in yana so ya faɗa da bakinsa. Bai yi min faɗa ba. Ya tashi, ya laluba takalmansa, ya sauka a hankali yana dafa bango. Ta ramukan katakon taga na ga ya jingina da ƙofar motar suna magana, Kawu yana ta nuna masa kujerar gaba. Daga baya ya buga bayan motar da tafin hannu, yalla, alamar Kawu ya ja, ya tsaya a wurin har ta sha kwana.