Kawu da Ganyen Masara

Kawuna bai taɓa zuba wa masara taki don maƙwabta sun zuba ba. Sai ya tsuguna, ya juya ganyen ƙasa a tafin hannunsa. In koren ya fara koɗewa daga baki, ya ce ta ji yunwa. Sannan ya tona rami kusa da gindinta, ya zuba cikin murfin kwalba ɗaya, ya rufe da diddige. Buhu guda sau uku yake raba shi.

Malamin gona ya taɓa gaya masa cewa takin da ya fi ƙarfin shuka, in ƙasa ta jiƙe sharkaf, iska yake zama, ya hau sama ya ƙara wa duniya zafi. Kawu ya yi dariya ya ce, “Ashe har sama nake yi wa tattali ban sani ba.”

Shekarar da yanar ido ta rufe masa gani, ya ɓoye wa kowa. Ya san in babban ɗansa ya gane, gonar ta bar hannunsa, shi kuwa ɗan nasa so yake a watse buhun gaba ɗaya a huta. Sai Kawu ya fara jan matarsa gona, wai ta riƙe masa buta.

“Wane launi kika gani?”

“Kore mana, Malam. Masara ce fa.”

“Koren ganyen mangwaro ko na ɗanyen lemo? Shekara arba'in ina ciyar da ke, ba ki san fuskar abincinki ba.”

“Ni a tukunya na san shi.”

Haka suka yi ta yi, daga wannan kunyar masara zuwa waccan, tana faɗa yana gyara mata, har idonta ya saba.

Wata safiya bayan ruwan sama ɗan ya sauke buhu a bakin gona. Kafin Kawu ya buɗe baki, matarsa ta sunkuya ta juya ganye.

“Mayar da shi. Ba ta nema ba tukuna, ƙasar ma ta sha ruwa da yawa.”

Ɗan ya dubi uban, ya ga inda idonsa ke kallo, can gefe, ba kan ganyen ba. Sai ya juya wajen uwar.

“To yaushe, Inna?”

Ita ya tambaya. Kawu ya laluba kututture ya zauna, yana jin tana cewa a ba ta kwana huɗu.