Yatsan da Saudatu Take Nema

Duk wanda ya taɓa yawon kamfen a ƙauyukan Bauchi ya san Saudatu ta Ƙofar Ran, ko da bai riƙe sunanta ba. Doguwar mata ce mai wushirya, kullum tana sauri kamar an aike ta. Tuwon shinkafa take sayarwa a ƙofar gida, amma da an buga gangar siyasa sai ta kife tukunya ta faɗa motar mata masu bi gida-gida.

Ni Paulina, kayan miya nake sayarwa a kasuwar Wunti, kuma Allah ya zuba mini son sanin abin da bai shafe ni ba. An haɗa mu aiki a kamfen ɗin wani mai neman majalisar jiha. Maza a zaure suke tsayawa, mu ne masu shiga ciki wurin matan gida. Tun kafin mu haɗu na ji ana gulmarta, wai ba ta da jam'iyya, bana tana nan, baɗi tana can, kwaɗayi ne kawai. To amma ina kallo, sabulu da atamfar da aka ba ta duk rabar da su take yi. Wane irin kwaɗayi ne wannan?

Aikinmu shi ne mu koya wa mata dangwale a takardar gwaji, don kada ƙuri'arsu ta lalace ranar zaɓe. Ni sai in tara su in nuna sau ɗaya in kama gabana. Ita kuwa ina! Sai ta kama hannun daman kowace mace, ta juya babban yatsa ta ƙare masa kallo, sannan ta tsoma shi a tawada. Direbanmu Mansir yana waje yana danna oda har ya gaji.

Rannan a mota na kasa haƙuri. Na ce, "Yaya Saudatu, don Allah duba kike yi wa mutane ne, ko me?"

Ta yi dariya ta ce, "Ke dai Paulina bakinki ba ya hutawa. Ƙanwata nake nema."

Babansu tela ne. Wata rana ƙanwarta Fati, tana 'yar mitsitsiya, ta cusa babban yatsa a ƙarƙashin allurar keke, farcen ya tsage biyu, kuma haka ya ci gaba da fitowa a tsage. Da mahaifiyarsu ta rasu, ƙanwar uwar ta ɗauki Fati riƙo zuwa ƙauye. Ita ma ba ta daɗe ba ta rasu, mijinta ya kwashe yara ya yi ƙaura, ba wanda ya san inda ya nufa. Saudatu ta girma, ta yi aure, ta aurar da 'ya'ya, ba labari. Har a rediyo ta sa cigiya.

Ta ce, "Fati nawa ne a ƙasar Bauchi? Fuskarta ma yanzu ba zan gane ba. Kuma wa zai bar baƙuwa ta shiga gidansa ta ce matarka ta miƙo hannu? Amma ki ce siyasa, har tabarma za a shimfiɗa miki."

Ashe shi ya sa take sauya jam'iyya. Ba ta tambayar wa ake yi wa aiki, tambayarta ɗaya ce, ina motar za ta? Ta bi hanyar Dass, ta bi ta Ningi, ta bi ta Alkaleri. Wallahi tausayinta ya kama ni, har ni ma na fara leƙen yatsun mutane a kasuwa.

Ana saura kwanaki zaɓe aka tura mu wani ƙauyen masunta a bayan madatsar Gubi, nan kusa, inda ba ta taɓa kawowa a ranta ba. Wani gida an liƙe zaurensa da hoton abokin hamayya. Mansir ya ce, "Hajiya, wannan ɓata lokaci ne." Saudatu ko kallonsa ba ta yi ba, ta shige ciki, na bi ta a baya.

Mun tarar da wata dattijuwa tana gyaran kifi. Ta amsa sallama a daƙile ta ce, "Mu mun riga mun yi namu."

Saudatu ta ce, "Ba komai, 'yar uwa. Ko wa za ki zaɓa, kada dai ƙuri'arki ta lalace."

Matar ta goge hannu a zani ta miƙo na hagu.

"Na dama nake so."

"Na daman ba ya da kyan gani," in ji matar, amma ta miƙo.

Na ga farcen da idona, a tsage biyu tun daga tushe. Saudatu ta sulale ta zauna a ƙasa cikin ɓawon kifi, ba ta saki hannun ba. Da kyar ta ce, "Me ya same shi?"

"An ce keken ɗinki ne. Ni ban tuna ba. Abin da na tuna kawai, wata yarinya ta sa yatsan a bakinta tana tsotse jinin, tana kuka fiye da ni."

Saudatu ta ce, "Fati, ni ce yarinyar."

Kuka suka yi, ni ma na taya su, ba na jin kunyar faɗa. Mansir ya danna oda har ya haƙura ya kashe mota. Can da aka natsu, an kawo ruwa, Fati ta hango takardar gwajin a yashe a ƙasa, ta share ido ta ce, "To Yaya, yanzu wa zan dangwala wa?"

Saudatu ta rufe gwangwanin tawadar ta miƙa mini. Ta ce, "Duk wanda kika ga dama. Ni na gama kamfen."