Motar da na saya wa Baba

Baba ya yi ƙuruciyarsa yana jigilar alhazai tsakanin Yanbu da Madina, a irin dogayen motocin Amurka na da, masu fiffike a baya. Da ya ajiye tuƙi sai ya koma tara ƙananansu na ƙarfe, waɗanda ba su wuce tafin hannu ba, amma har ƙofofinsu buɗewa suke. Kabad guda ya cika da su a gidanmu na unguwar Sih a Madina.

Da idonsa ya tafi, ni ce a gidan. Ni ce girki, ni ce ɗiga magani, ni ce goge motocin nan ɗaya bayan ɗaya. Amma hira fa? Sai Yaya ya zo daga Yanbu da sabuwar mota a kwali. Baba ya shafa ta da yatsu, ya faɗi ƙirarta, sai labari ya ɓalle har shayi ya huce. Yayan da ko Hausar ba ya mayarwa, sai "aiwa, aiwa" yana latsa waya! Ni kuwa ina bakin ƙofa da tire, wallahi kishi kamar ya kashe ni. So nake ko sau ɗaya a yi hirar nan da ni.

Na gaji, na shiga kantunan titin Sultana da ƙafata. Na sha yawo kafin na samo koriya mai farin rufi, irin wadda na ji yana cewa da ita ya fara tuƙi. Bayan la'asar na durƙusa na sa masa a hannu, ban gaya masa wanda ya sayo ba.

Ya shafa hancinta, ya bi fiffiken da babban yatsa, ya buɗe ƙofar direba. Sai ga hawaye.

"Ita ce," in ji shi. "Kai, yaron nan ya san zuciyata. Yaushe ya aiko?"

Bai jira amsata ba.

"Kira min shi, ya binti."

Na kira, na riƙe masa wayar a kunne. Baba ya yi ta sa albarka. Ina jin Yaya daga can, ko tambayar wace mota bai yi ba, ya ce, "Afwan, Baba," wato ba komai.

Daga nan Baba ya gyara zama ya fara ba shi labarin koriyar motar, ni kuma ina riƙe da wayar har hannuna ya sage.