Nono a Gindin Eriya

Shekarun da na yi ina gyaran na'urorin rediyo, ba abin da ya koya mini haƙuri kamar akwatin awon da muke kira gada. Aikinta auna turjiyar eriya, wato yadda take hana wuta wucewa. Ka sa abin ji a kunne, ka yi ta murɗa maɓallai biyu har ƙarar da kake ji ta mutu. Inda ta mutu, nan awonka yake. Amma in turjiyar babba ce, gada ta cika tsirfa: ko mutum ya matso kusa da wayar sai ta ji jikinsa, ƙarar ta dawo.

Wata damina aka tura ni wajen wata doguwar eriya tsakanin Kalgo da Gwandu. Awonta ya ƙi zama. Maigidana ya riga ya yanke hukunci cewa Fulanin da ke zaune gefenta ne ke taɓa ta. In ban kawo awo mai kyau ba, za a faɗaɗa shinge a tashe su.

Da hantsi na iske tangaran ɗin da eriyar ke zaune a kai ya yi kumfa fari, ƙudaje na bi. Nono ne. Ina cikin wankewa ina mita sai ga wata tsohuwa Bafulatana da ƙwarya.

"Inna, ke ka zuba wanga abu?"

"Ni ce, ɗan nan. Aradu ta kashe ɗana nan wurin, shina kiwo. Wutar aradu nono ka kashe ta."

Raina ya ɓaci, sannan tausayi ya kama ni. Na roƙe ta ta koma can gindin wani kalgo, na bar tangaran ya bushe ƙayau, na haɗa gada da eriyar da waya gajeriya, na ja baya iyakar hannuna.

Ƙarar ta ƙi mutuwa. Takan yi ƙasa, ta taso, ta sake yin ƙasa, daidai yadda take yi in mutum na kai da kawo kusa da waya. Na duba. Ba akuya, ba tsuntsu, ko iska babu. Rana tsaka, amma tsigar jikina ta tashi, gumi na bin bayana yana sanyi. Tsoro na ji, ba na ɓoyewa.

Na cire abin jin na ce, "Inna, abin ya ƙi. In ya ƙi kuwa, tashinku za a yi."

Ta daɗe tana kallon gefen hagun ɗina, ba ni ba. Sannan ta yi magana a hankali, irin muryar da ake yi wa mai barci.

"Gusa can, ɗana. Bari malam shi yi aikinai, kar su raba mu."

Na mayar da abin ji kunnena. Shiru, tsit. Na karanta awon, ya fito daidai.