Ƙusoshin da Ke Ƙarƙashin Ɗakin Inna

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, bakwai ga watan nan, aka kira ni a waya aka ce Injiniya ya rasu bayan gajeriyar jinya. Na yi kuka, ba na jin kunyar faɗi. Amma yau shaidar nasararka na zo bayarwa, Injiniya.

Shekarar da aka haƙa ramin wani babban bene a bayan gidanmu, ƙasa ta fara zaizayewa, bangon ɗakin mahaifiyarmu ya tsage. Masu aikin suka ce sai an rushe ɗakin. Inna ta ce a nan mijinta ya cika, a nan za ta jira nata. Duk wanda ya san Inna ya san an gama magana.

Sai aka kawo ka. Ka cire hular kwano, ka durƙusa ka gaishe ta, ka nemi izinin cusa ƙusoshi ta ƙarƙashin ɗakinta. Ta dube ka sama da ƙasa, ta ce katako ta san ana kafa wa ƙusa, ba ta taɓa jin mai hankali ya kafa wa ƙasa ba. Ba ka yi musu ba. Ka tara yashi mai damshi a tsakar gida, ka sossoka masa tsinkayen tsintsiyarta, ka yanke gefensa, ya tsaya cak. Ta ce ka ɓata mata tsintsiya, amma ka je ka gwada.

Kafin ka fita ka liƙa ɗan siririn gilashi a kan tsagar bangon, ka ce, "Inna, in wannan ya fashe, ƙasa ta motsa, ni da kaina zan goya ki in fitar. In bai fashe ba, ba mai taɓa ɗakinki."

Kaɗan-kaɗan kuka yi ta sauka. A haƙa kamar tsayin mutum, a huda bangon ramin a karkace, a zura dogon rodi, wato ƙusar, a ɗura ruwan siminti, a shimfiɗa raga a fesa kankare. Damina ta zo da ƙarfinta, na tsorata ƙwarai. Kullum kana zuwa takalma duk taɓo, ka gaida Inna, ka duba gilashinka. Ramin ya kai ƙasa, benen ya tashi, ɗakin bai gusa ba.

Da na gaya wa Inna rasuwarka, sai ta dafa bango ta miƙe, ta shafa gilashin, ta ce, "Yaron nan ya cika alkawari."

Allah Ya jiƙanka, Ya yalwata kabarinka, Ya hana ƙasa matse ka kamar yadda ka hana ta cinye ɗakin tsohuwarmu. Ga maiɗakinka da 'ya'yanka da abokan aikinka, Allah Ya ba ku haƙuri. Ƙofarmu a buɗe take, ku zo ku ga gilashin, har yau bai fashe ba.