Wuskin Tsamiya na Kawu Sale

Duk wanda ya zauna layinmu a unguwar Jarwal ta Makka ya san ƙarar cokalin Kawu Sale bayan La'asar. Juyi talatin cif. In ka yi masa sallama yana na ashirin, sai dai ka jira.

Shekara bakwai ya yi yana kuku a gidan wani Bature a Sudan kafin ya ƙetaro Makka. Can ya koyi haɗa wuski: ƙwayar sukari, ɗigon abu mai ɗaci, ɓawon lemo, ƙanƙara. Giyar dai bai taɓa kai ta baki ba, amma hannu ya ƙi mantawa. Sai ya koma haɗawa da ruwan tsamiya da baƙin shayi da jiƙon maɗaci. Ƙanƙara kuwa, tsakuwa biyu ce da suka kwana a randa.

Ni hankalina bai taɓa kwanciya ba. A wancan zamanin in aka kama ka da giya, bulala ce a gaban jama'a, sannan a sa ka jirgi, ga ni a gidansa da mata da 'ya'ya. Na roƙe shi ya riƙa sha a ƙoƙo, cikin ɗaki. Ya ce ƙoƙo na fura ne. A kofin gilas zai sha, a ƙofar gida kuma.

Maƙwabcinmu Habu mai wanki ya taɓa roƙon ɗanɗano, ya kwankwaɗe kofin a tashi ɗaya. Kawu ya ce jaki ma ya fi shi ladabin sha, bai ƙara ba shi ba. Ashe Habu ya riƙe abin.

Ran nan sai ga shi da shawish, wato sajan 'yan sanda, da askar ɗinsa biyu riƙe da sanduna. Kawu yana juyi na sha biyu, sai da ya kai talatin ya ɗago.

"Esh hada, ya hajj?" in ji shawish, wato mene ne wannan, Alhaji.

Kawu ya miƙa masa kofin ya ce ya ɗanɗana. Shawish ya ja da baya. In giya ce fa, ya sha a Makka? Askar ma kowa ya kau da kai. Habu ya matso ya shinshina, ya rantse ita ce, warinta ne sak.

"Ni shekara bakwai ina zuba wa Nasara, dole in san ta," in ji Kawu. "Kai da aka haifa a garin nan, Habu, a ina kuka saba?"

Shawish ya juya ya zuba wa Habu ido. Ƙarshe Kawu ne ya cece shi, ya ce sabulu ne ya lalata masa hanci, wannan ruwan tsamiya ne. Shawish ya kurɓa, ya yamutsa fuska. Kawu ya ce ai su suka bari sanyin ya tafi... tsakuwar ta ɗumama.

Ranar da ya kwanta ciwon ajali ya ce mini, "Hannun nan ya haɗa wa mutum zunubi, ina so ya ƙare a kan halal." Ni na juya masa na ƙarshe, yana ƙirgawa da leɓe.

Allah Ya yafe wa hannun nan, Ya shayar da kai daga Alkausara, Kawu.