Ranar da Aka Tsinke Wayar Shabaka

Ina durƙushe a gonar dawarmu ta Wad Haddad, kan Baba a cinyata, maciji ya sare shi. Likita yana kan waya daga Madani, yana gaya mini abin yi kafin mota ta iso.

Sai muryar likitan ta ɗauke. Kafin in rufe salati ta dawo: "Kada ka tsaga wurin, kada ya taka ƙafar!"

Bayan Baba ya warke, ƙanwata Hawwa, injiniya a kamfanin waya, ta zo duba shi. A bakinta na ji ashe a lokacin nan motar yashe tur'a, magudanar ruwan ban-ruwa, ce ta tsinke babbar wayar shabaka, wato ta sadarwa, da ke binne.

Na ce, "To yaya kiran bai yanke ba?"

Ta ce, "Yaya, ai ba ma barin magana da hanya ɗaya. Mun tanadi wata ta wajen Sennar. Waya ta tsinke ko na'ura ta mutu, da kanta maganar take juyawa can."

Baba ya riƙe hannunta, ya daɗe yana sa mata albarka.

Wallahi masu shirya wa ranar da ba ta zo ba suna burge ni. Ku wane tanadi ya taɓa cetonku?